Kwamfuta a Cikin Tukunya

Tun da aka cire maɓallin kashe intanet, kowace kwamfuta da ta ji sabis haɗuwa take da kanta, mai ita ya so ko bai so ba. In kuwa ya rasu, tana haɗuwa sai ta share duk abin da ya bari.

Shi ya sa Tanimu, ranar da za a kai shi asibiti, ya rufe tasa a tukunyar ƙarfe don kar ta ji sabis. A ciki akwai muryarsa yana rarrashin 'yar da bai rayu ya gani ba. Yau matarsa Asabe ta rungumo tukunyar, za ta wajen wani mai gyara da ke aiki cikin kwantena inda sabis ba ya shiga, ya kwafe mata muryar.

A bakin titi ta sauke tana tsayar da Keke. Sai ga Sallau, ƙanin marigayin, abokin wasanta tun tana amarya.

"Matarmu, ina za a kai girki ban ɗanɗana ba?"

"Sallau, don girman Allah, kar ka taɓa!"

Ya riga ya ɗaga murfin. Wani koren haske ya kawo, wata murya mai ladabi ta ce, "An haɗu. Allah ya jiƙan Malam Tanimu."

Asabe ta fizge murfin ta mayar, ta haye kai tana dannewa da dukkan nauyinta. Dariyar ba ta gama barin fuskar Sallau ba.

"Wai mene ne a ciki?"

"Yayanka ne," ta ce.