Jemagen Hukuma

Tun da jemagu suka ƙaura kudu, ɗorawar Inna Azumi ta daina 'ya'ya. Sai hukuma ta raba jemagun ƙarfe masu yi wa fure barbara. Da magariba Inna Azumi ta saki nata, ta kira ɗanta Sallau a waya.

"Inna, nan kurmi jemagu iri-iri ne. Kukansu har ya ishe mu."

"Ɗaga wayar in ji. Nawa ba ya kuka. Yaushe za ka dawo?"

"Sai sun dawo, Inna."

Ta saurara har layi ya katse, sannan ta ajiye nunannen mangwaro a gindin ɗorawa domin jemagu, kamar kullum. Da safe ta same shi, ko tabon haƙori babu.