Ƙishirwar Manaja

Karo na uku ke nan da ta cika wa karen kwanon ruwa tun safe, kuma ya sake lashe shi tas. Ya taka kaɗan, ya yi amai, ya koma ƙarƙashin tagar ɗakin Babanta ya zube.

Baba ne ya raɗa masa Manaja, wai ba ya aikin komai sai sa ido. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Tun da aka yi wa Baba aiki a maƙogwaro muryarsa ta ɗauke, ita kuma ta hana karen shiga ɗaki saboda ciwon, sai dai su kalli juna ta taga.

Ranar sallama daga asibiti likita bai ɓoye musu komai ba: ko dai Baba ya riƙa cin abinci, ko mene ne ransa ke so, ko a dawo da shi a zura masa robar abinci ta hanci. Baba ya ji, ya damƙe hannunta har sai da ta ji zafi.

Allah ya taimake ta ta wannan gefen. Kullum kafin ta tafi aiki tana ajiye masa farantinsa a kan tebur, da yamma ta tarar da shi fes. Har yanzu ruwa yana sarƙe shi, agogonsa ma ya fara zamewa zuwa tsakiyar hannu, amma ai mai jinya ba ya murmurewa rana ɗaya.

Karen ne ya tsaya mata a rai. In ya mutu, ba ta san da bakin da za ta gaya wa Baba ba.

Likitan dabbobi ya duba shi, ya ɗebi jini, ya girgiza kai.

"Gishiri ya yi masa yawa, ƙodarsa ta gaji. Wani yana ba shi yankakken naman kanti, irin na sakawa a burodi. Kuma ba yau aka fara ba."

"Wallahi abincinsa daban yake. Ni nake zuba masa."

"To, ki nemo mai ba shi. In ba a daina ba, maganina ba zai yi komai ba."

Ta ɗauko karen a mota tana hawaye. Gida kullum a kulle yake tun safe har yamma, wa za ta tuhuma? Baba ya gan su ta taga, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen tagar, ya kasa haɗa ido da ita. Tausayinsa ya kusa kashe ta.

Sai ta tuna mai kantin da ke jikin katangarsu, wanda yake da injin yanka nama. Ta same shi yana goge wuƙar injin, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Malam, kai ne kake jefa wa karenmu ragowar nama ta katanga?"

Ya ajiye tsumman, ya dube ta da mamaki.

"Ni? Haba, 'yar'uwa, ragowa ma ba ta kwana a nan. Ko yanki ɗaya bai taɓa shiga gidanku ba, in ban da wanda kike saya wa Babanki kullum da safe, mako uku ke nan. Yana dai ci, ko?"