Akwatin da Ya Ɓatar da Jirgi

Ni na sa aka cire sashen afuwa daga dokar nan. Jaridu sun ce majalisa ce, amma bakina ne.

Ɗana Eliécer bakanike ne a jirgin dakon man fetur. Ƙasar da suke zuwa lodi an saka mata takunkumi, an hana kowa sayen manta. Masu jirgin suna da dabararsu. Kowane jirgi yana da na'urar da ke nuna inda yake a teku. Sai su kashe ta gaskiyar, su ba wani masunci ɗan akwati mai amsa sunan jirgin, ya yi ta yawo da shi a ruwan Colón, nan kusa da gida, yana kamun kifinsa. Mai duba taswira sai ya ga jirgi yana gida, alhali yana can yana lodi. An ce masuncin ba ya ma sanin akwatin wane jirgi yake ɗauke da shi.

Ranar da wuta ta kama jirginsu Eliécer, kira ɗaya suka samu yi kafin rediyonsu ya mutu. Masu ceto suka tashi jirgi mai saukar ungulu zuwa inda taswira ta nuna, suka tarar da kwalekwale. Kafin a gano ainihin wurin, babu wanda ya rage. Ko takalmin ɗana ban samu na binne ba.

Ba a kama kowa ba. Lauya ya ce babu dokar da ta mai da karya takunkumi laifi, kuma babu mai ikon bincike.

Ni na zama mai magana, mijina Nicanor ya zama mai shiru. Ya jawo kwalekwalensa na kamun kifi tudu a garinmu Portobelo, ya kankare fentin, ya ce tsutsa ta ci katakon. Ya koma sayar da ƙanƙara. Da Oktoba ta zo, lokacin bikin cocin garinmu, ya saka rigar shunayya ta masu cika alkawarin da suka yi wa Allah, ya ja gwiwa har ƙofar coci. Na ce a raina, kowa da yadda yake kukan ɗansa.

Wata 'yar majalisa, Doña Yariela, ta rubuta daftarin doka. Za a kafa ofishin bincike mai ikon tono tsofaffin shari'u. Muka yi ta hawa bas zuwa birni, ni da sauran uwayen da 'ya'yansu suka mutu a jirgin, Nicanor yana riƙe min jaka. A cikin daftarin akwai sashen da ya ce duk ƙaramin mai laifin da ya kawo kansa, ya faɗi wanda ya ba shi akwati, ba za a ɗaure shi ba.

Muna cin shinkafa da kwakwa na ce sai na ga bayan sashen nan.

"Ki bar musu wannan, tsohuwa," in ji Nicanor. "Wataƙila akwai mai son magana, tsoro ya hana shi."

"Kai dai 'yan'uwanka masunta kake karewa. Da kai ka yi naƙudarsa, da ba ka faɗi haka ba."

"Mutumin nan bai san jirgin wa ba ne."

"To ya nutse ya faɗa wa Eliécer."

Ya ajiye cokali. Ban bar shi ba. Na yi ta tsine wa mai akwatin, na haɗa da uwarsa da zuri'arsa, shi kuwa yana kallon kwanonsa.

Ranar zaman kwamiti Doña Yariela ta ja ni gefe. "Doña Griselda, in ba mu ba ƙanana hanya ba, wa zai nuna mana manya?"

Na ce, "'Yata, ke ɗanki yana makaranta."

Da aka ba ni dama na ɗaga hoton Eliécer a gaban 'yan talabijin. Na ce babu babba babu ƙarami, hannun da ya ɗauki akwatin nan shi ya kashe min ɗa, ya ruɓe a kurkuku. Wa zai yi jayayya da uwa a gaban kyamara? Aka cire sashen, doka ta wuce. A tasha Nicanor ya saya min lemo mai sanyi, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, tsohuwa."

Shari'armu sabon ofishin ya fara buɗewa. Mai gabatar da ƙara ya aiko cewa matuƙin jirgin ceton zai ba da shaida. Na ce sai na ji da kunnena.

Da safe Nicanor ya ce in goge masa farar riga. Ya fito da 'yar jaka a hannu.

"Ƙaura za ka yi?"

"Maganina ne a ciki."

A ofishin ya ce zai jira a benci, ɗakin ya yi masa sanyi.

Matuƙin saurayi ne, sa'an Eliécer. Ya ce mutum ɗaya suka gani a kwalekwalen, dattijo, ya miƙe yana ɗaga musu hannu. Suka faɗi sunan jirgin da suke nema ta lasifika. Sai dattijon ya dafe kai, ya zube a kan ragarsa, yana ta ihu. Su kuma suka juya, don lokaci yana ƙurewa.

"Allah ya ƙara masa," na ce.

Mai gabatar da ƙara ya ɗaga min hannu, ya tambayi matuƙin ko ya ga lambar kwalekwalen.

"Babu lamba, ranka ya daɗe, sai suna da jan fenti. Sunan mace ne. Griselda."