Ungozoma da Manhajar Neman Aure

Ka ce ana cin kuɗinka, amma ba ka son a ji ta hanyar da ake cin su. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wata ungozoma a ƙaramin asibitin wani gari.

Mace ce mai kamun kai, ta ba arba'in baya, kuma rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo duniya. Shekara shida da rasuwar mijinta zaman kaɗaici ya fara isar ta, ga shi masu sallama da ita babu wanda ya kwanta mata a rai. Sai wata abokiyar aikinta ta nuna mata wata manhaja a waya inda masu neman aure ke haɗuwa. Ta daɗe tana jan ƙafa, daga baya ta sa lambar katinta na banki, ta biya kuɗin wata uku. Mutum biyu ta yi magana da su. Na farko ya ce shi injiniya ne, kwana huɗu da fara gaisawa ya roƙe ta kuɗin mota. Na biyu dattijon kirki ne, sai dai yana so ta ajiye aiki, ita kuwa ba za ta iya ba. Da wata ukun suka cika ta goge manhajar daga wayarta, a zatonta magana ta ƙare ke nan.

Ranar da albashi ya shigo, sai ga saƙon banki ya biyo bayansa: an cire dubu tara. Ta karanta sunan masu cirewar, ta ga na manhajar ne, ta yi maza ta share saƙon kamar wani na leƙen kafaɗarta. Wata na zagayowa aka sake. Sau biyu tana yafa mayafi ta nufi banki, amma da ta kai bakin ƙofa ta tuna za a tambaye ta su wane ne ke cirewa, kuma kuɗin mene ne, sai ta zarce kasuwa ta sayo tattasan da ba ta buƙata. Tana ce wa ranta dubu tara ba su kai mutuncinta ba. Haka aka kwashe wata bakwai, su suna ɗiba, ita tana share saƙo.

Mahaifiyarta na fama da ciwon suga, kuma ita ke saya mata allura. Wata ranar Laraba ta miƙa katinta a kemis, na'ura ta ƙi karɓa, domin abin da ya rage a asusun bai kai ba. Ta koma gida da rabin maganin. Tsohuwar ta dubi ledar, ta ce ba komai, Allah zai kawo sauran. Wannan "ba komai" ɗin ya fi mata zafi a kan a ce faɗa aka yi mata.

Washegari ta shiga bankin. Layi bai kai ta gaban kowa ba sai wata ma'aikaciya da ita ungozomar ta karɓi haihuwar tagwayenta bara. Matar ta miƙe ta gaishe ta da ladabi, har da ba ta labarin yaran sun fara tafiya. Ungozoma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta daure ta faɗi komai, har da sunan manhajar. Ma'aikaciyar ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Mama, ke ce ta biyar a makon nan. Waɗanda kunya ta hana su zuwa sun fi yawa, kuma da su masu abin nan suke cin abinci." Nan take ta toshe katin, ta buga mata takardar da ke nuna kowace cirewa da ranarta, ta ce ta rubuta wa kamfanin, in sun ƙi ji ta kai su gaban hukumar da ke kare haƙƙin masu saye.

Ta rubuta musu. Suka amsa cewa ai tun ranar farko ta yarda a riƙa sabunta mata biyan kowane wata, a wasu ƙananan layuka na Turanci da ke can ƙasan shafi. Ta mayar musu cewa wata uku ta saya, babu wanda ya tuntuɓe ta kafin a sabunta, kuma ba a nuna mata inda ake dannawa a fita ba. Ko sisi ba su mayar mata ba. Sai ta ɗauki takardar banki da amsarsu ta kai hukuma, ta rubuta cikakken sunanta a kan ƙorafin da hannunta. Bayan mako biyar aka dawo mata da kuɗin wata biyu. Na sauran watanni biyar kuwa, aka ce ta bar su sun kwana da yawa: ta ga saƙo wata bayan wata ba ta ce uffan ba, kamfanin kuma ya riƙe shirunta a matsayin yarda. Ta karɓi abin da ya samu, ta biya ta kemis ta cika wa tsohuwa allurarta. Garin da take tsoron ya ji, babu wanda ya taɓa tarar ta da zancen.

Saboda haka tashi ka je tun cirewar ba ta yi nisa ba, ka faɗi abin da ya faru da bakinka. Hausawa sun riga sun gama magana: kunyar mara kunya asara ce.