Sabbin Ƙafafun Keke

Dakta Abdulbaqi ya murza ƙafar keken, ya kara kunne yana sauraron yadda take juyawa. Rashad, mai shagon kekuna a unguwar Sanaiya, can ƙasar Larabawa, ya ƙyale shi, don ya san halin kayansa. Abdulbaqi malamin jami'a ne guda, amma in ya zo sayen kayan keke sai ka rantse tsohuwa ce ke zaɓen tukunya a kasuwa: a ƙwanƙwasa, a shafa, a sake ƙwanƙwasawa.

Gasar ranar Juma'a ce. Iyo a teku, sai tseren keke, sai gudu a ƙafa, duk a jere ba hutu. Tun bara suke shirinta shi da Desmond, wani nas ɗan Kafanchan da suka haɗu a asibiti, hira ta kai su ga keke. To ga shi tun makon jiya Desmond ya ɗauke wuta. Ba ya ɗaga waya, ba ya amsa saƙo. In kuwa babu Desmond, babu gasa, wannan ko a mafarki Abdulbaqi ya sani.

Rashad ya miƙo masa wata ƙafa mai faɗin baki, wayoyinta 'yan kaɗan, mara nauyi kamar faifai. Ya ce ita ce ke yanka iska, ita manyan 'yan tsere ke rububi.

Abdulbaqi ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. "Ba za ta ɗauki nauyin ba. Ba ni mai wayoyi da yawa."

Shi da ko iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi don rama! Amma Rashad bai yi musu ba. A ƙafar baya suka tsayar da wata mai faɗin baki amma mai wayoyi da yawa. A gaba kuwa Abdulbaqi ya kafe sai mai siririn baki, domin Desmond ya sha ƙorafin yadda iskar bakin teku ke bugun faffaɗar ƙafa ta gefe, ta fizge kan keke. Ko ba ya nan, maganarsa ce ta yanke ciniki.

"Khalas," in ji Rashad, wato shi ke nan da Larabci, ya kai masa kwalayen har cikin tasi.

Gidansa na Al Rayyan ya tarbe shi da abin da ya saba, ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da shiru. Matarsa Ajaratu da yara suna Zariya. Abokan aiki kuwa gaisuwa ce ta haɗa su, in ya ambaci keke sai su yi 'yar dariyar nan ta tausayi, su ce Allah ya ba da sa'a. Desmond kaɗai ne bai taɓa yi masa ita ba. Shi tsawa ma yake daka masa a kan hanya: "Malam, taka mana! Ko tuwon ne bai sauka ba?" Wallahi ya yi kewar wannan tsawa.

Ya zauna a ƙasa ya ɗaura ƙafafun da kansa, ya tsuke ko wane noti, ya ba tayoyin iska har sai da suka ƙi lotsawa a ƙarƙashin babban yatsansa. Yana cikin goge hannu bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, daga Desmond.

"Malam, ka yafe mini. Ba su sabunta mini kwantiragi ba. Na yi ta zirga-zirga ko za a dace, abin ya ƙi. Jirgina ranar Alhamis ne. Na rasa bakin da zan gaya maka, shi ya sa na yi shiru."

Ya sake saurara. Sai ya danna ya ce, "Haba Desmond, ba komai. Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ka gaida Mama." Ya ajiye wayar.

Daga bisani ya tashi, ya kafa keken a kan mariƙinsa na atisaye a tsakiyar falo. Ko ba komai, ya ji kukan sabbin ƙafafun nan da ya sha wahalar zaɓe.

Ya hau sirdin baya kamar kullum, ya fara taka feda, sannan ya miƙa hannu ya lalubi sirdin gaba na keken nasu mai ɗaukar mutum biyu, inda Desmond, mai idon cikinsu, yake zama.