Bakin Indararo

"Juya indararon nan ya kalli gidan tela!" in ji Maigida, don ba sa ga maciji da maƙwabcin nasa.

Magini ya ce, "Yallaɓai, ruwan rufinka fa duk can zai zuba."

"Aiki na kira ka, ba wa'azi ba."

Duk damina Maigida ya kasa kunne yana jiran kururuwar tela. Shiru.

Da rani rijiyar Maigida ta ƙafe. Dole ya ɗauki jarka ya bi layin ruwa a gidan tela. Can ya tarar da ƙaton tanki, daidai ƙarƙashin indararonsa.

Tela ya ce, "Ku matsa wa Yallaɓai ya ɗiba. Ai duk ruwansa muke sha."