Fason Magini

Tunda gobe za ka ga likita a kan ƙafar nan taka, zauna ka ji abin da ya sami wani magini. Shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa da ƙafa, har diddigensa ya tsattsage kamar kududdufi da rani. Ana nan sai ƙafafun suka fara yi masa wani iri. Yau zugi, gobe kamar ana tsira masa allura, daga baya suka mutu murus, ko an mintsine shi ba ya ji. Ran da ya taka ƙusa a cikin kwaɓi bai sani ba sai da ya ga jini, ran nan hankalin gidansa ya tashi. Mijin 'yarsa ya karɓo masa kati a asibitin birni, ya ce shi zai kai shi da kansa. Ya roƙe shi abu biyu: ya tuno yadda ciwon ya faro, ya kuma haɗo duk maganin da yake sha, na kanti da na gargajiya.

Ina! Magini ba wannan ne a gabansa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne zai tuɓe takalmi a gaban surukinsa, mutumin da ke durƙusawa ya gaishe shi, a ga faso da kaushi. Kunya ta hana shi sakat. Ana gobe tafiya da la'asar ya sa aka tafasa ruwa aka juye a daro. Maimakon ya taɓa da hannu, sai ya tsoma ƙafar da ba ta jin komai, ya ce ai ya huce. Matarsa ta ce, "Malam, ruwan nan fa tururi yake." Ya ce, "Ƙafarki ce ko tawa?" Ya jiƙa ƙafafun ya daɗe, ya dirje da dutse, ya bi da reza yana fere kaushi, ya shafe da man kaɗe ya zura safa. Ƙullin garin maganin gargajiyar da yake sha kuwa ya cusa ƙarƙashin katifa, kada a ce dattijo kamarsa yana biye wa masu talla a kasuwa.

A asibiti likita ta ce ya cire safa, safa ta ƙi fita. Da aka jiƙa aka ja, sai ta taho da fata. Shi bai ji zafin komai ba, sai dai ya ga surukinsa ya kau da kai yana salati. Dole ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi tun daga daro har reza, kansa a sunkuye, ya rasa inda zai sa ransa don kunya. Likita ta ce, "Haba Baba, faso ai kullum muna ganinsa. Da ka zo mana da ƙafar yadda take." Ciwon jijiya da aka zo dominsa aka ajiye shi gefe, aka koma jinyar ƙuna. Ƙunar ta ci, ta tafi da yatsu, magini bai ƙara shiga kwaɓi ba. Surukin da ya ɓoye wa faso kuwa, shi ne ya riƙa ɗora ƙafar nan a cinyarsa kowace safiya yana wanke gyambon.

Don haka kai dai ka tafi musu da ƙafarka yadda Allah ya bar ta, ka faɗi komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.